Yadda ake gyaran fuska da aska

Aska ba ta son ƙarfi. Yawancin abin da ke ɓata aski, ko yanka ne, ko raɗaɗin da fuska ke yi bayan an gama, ko ƙurajen da ke fesowa a wuya bayan kwana uku, in ka bi sawunsa za ka tarar daga dannawa ya taso. Mutum kuwa ba ya danna aska a banza: ko bakinta ya dakushe, ko gashin bai jiƙa ba. Saboda haka mafi yawan aikin ana yin sa ne tun aska ba ta taɓa fuska ba.

A garuruwanmu ba kowa ke kwashe gemu ba. Abin da aka fi yi shi ne gyaran fuska: a share gashin da ya hau kunci, a fitar da layin saje, a kwashe na wuya, a rage gashin baki. Malaman Malikiyya ma sun fi son a rage gefen da ya sauko kan leɓe maimakon a aske shi ƙwal, kuma hadisi ya iyakance kada ya wuce kwana 40 ba a rage ba. Bayanin nan zai yi wa mai gyara da mai kwashewa duka amfani, don hannun ɗaya ne.

Wace aska?

Iri uku ake samu. Akwai askar maƙera, irin wadda ke cikin zabirar wanzami: ƙarama, ba ta naɗewa, ruwanta da wutsiyarta ƙarfe ɗaya. Ana samun ta a rumfunan maƙera ranar kasuwa, kamar Wudil ran Juma'a, Maigatari ran Alhamis, Dambatta ran Lahadi, ko a kasuwar Kurmi in an shiga birnin Kano. Kyanta ya dogara da ƙarfen da aka ƙera ta da shi da yadda maƙerin ya tsoma shi a ruwa ko mai yana ja. Kafin ka biya, ɗaga ta ka dubi bakin ta tsawonsa: ya zama miƙaƙƙe, babu giɓi, babu tsaga. In maƙerin yana da zarto, a ɗan goga a kusa da bakin. Idan zarton ya ci ƙarfen cikin sauƙi, ƙarfen ya yi laushi, za ta yi kaifi yau ta dakushe kafin ka gama kunci ɗaya.

Ta biyu ita ce askar kanti mai naɗewa cikin mariƙinta. Masu kyau an san su da fitowa daga Solingen ta Jamus, tsofaffi kuma daga Sheffield ta Ingila. Gefunanta biyu a rarake suke, bayanta mai kauri, bakinta siriri ƙwarai. Mai koyo ya nemi mai zagayayyen kai, don mai tsini ita ke ɓalle gefen kunne da hanci. Akwai masu arha masu ƙyalli da ake kawowa, da yawansu ba sa riƙe kaifi ko an kwana ana washi.

Ta uku tana kama da ta biyu, sai dai reza ake sa mata. Ana karya reza gida biyu tana cikin takardarta, a zura rabi, a rufe. Ba washi, ba goga ta a jemammiyar fata. Ga wanda ke yi wa mutane da yawa aski, wannan ita ce ta fi dacewa, dalilin zai zo. Amma reza ta fi askar gaske saurin yanka saboda siranta da kusurwoyinta, tana buƙatar hannu mai sauƙi sosai.

Washi

Dutsen da ake wasa wuƙar yanka ko lauje ba zai fitar da bakin aska ba, sai dai ya fara. Ana buƙatar biyu: mai ɗan kaushi na fitar da baki, da mai laushi kamar sabulu na gamawa. Na kanti suna da lamba: 1000 na farawa, 4000 na tsakiya, 8000 na gamawa. In babu, samfefa mai shan ruwa ta masu fentin mota, lamba 1000 da 2000, a jiƙa ta a shimfiɗa kan gilashi, tana rage hanya. Dutsen da tsakiyarsa ta lotsa ba ya wasa aska daidai. A zana masa layuka da fensir, a goga shi a kan samfefa mai kaushi bisa gilashi har layukan su ɓace duka.

Jiƙa dutsen. Idan askar kanti ce, kwantar da ita gaba ɗaya, bayanta da bakinta duk suna taɓa dutse. Kaurin bayan shi ke ba da kusurwar da ta dace, kada ka ɗaga shi. Tura ta baki a gaba, kamar kana son feƙe saman dutsen, kana ɗan karkatawa don duk tsawon bakin ya samu. In ka kai ƙarshe, juya ta ta kan bayanta, ba ta kan baki ba, ka dawo. Zuwa da dawowa ɗaya ke nan. Askar maƙera ba ta da wannan kaurin, don haka za ka ɗaga bayanta kaɗan, kamar kaurin ashana ɗaya, ka riƙe hakan bai canza ba. Nan gwanintar take, kuma nan ake ɓata yawancin asake.

Ga dabarar gane ko dutse na cin inda ya kamata: shafa tawadar maka a gefen bakin, ka yi zuwa da dawowa uku, ka duba. Inda tawada ta rage, dutse bai kai wurin ba. Ci gaba a dutse mai kaushi har sai aska ta iya aske gashin damtse tun daga gindin bakinta har kai. Kada ka koma dutse mai laushi kafin haka, domin mai laushi goge abin da aka fitar yake yi, ba ya fitar da sabo. A mai laushi ka yi zuwa da dawowa 20 zuwa 30, nauyin askar kaɗai, ba danni.

Bayan nan ka fita rana, ka juya bakin sama ka dube shi kai tsaye. Baki mai kaifi ba ya ƙyalli. Duk inda ka ga farin ɗigo ko siririn layi na haske, wurin a dakushe yake ko ya lanƙwasa.

Fata

Bakin aska siriri ne har gashi na iya karkatar da shi. Jemammiyar fata ke miƙar da shi, shi ya sa ake goga aska a fata kafin kowane aski, dutse kuwa sai fata ta gaza. Askar mutum ɗaya tana iya yin wata biyu ko uku ba ta ga dutse ba.

Nemi jemammiyar fatar saniya wurin dukawa, faɗin yatsu uku, tsawon kamu ɗaya ko fiye, marar ɗinki, marar zane, marar tabo. Rataye ta a ƙusa ka ja ta miƙe sosai, ko ka manna ta a kan katako mai santsi, wanda ya fi sauƙi ga mai koyo. A fata akasin dutse ake yi: bayan aska ke gaba, baki na biye. Kwantar da ita, ja, juya ta kan bayanta, dawo. Yi 30 zuwa 40 a hankali. In fatar ta saki ta yi ciki, ko ka ɗaga bayan askar, bakin zai dunƙule, ka dakusar da abin da ka wasa. In ka juya ta kan baki, ka yanke fatar. Idan ta bushe lokacin hunturu, ɗigon man kaɗe a tafin hannu a murza mata ya isa.

Tsabtar aska

Aska tana taɓa jini ko ido bai gani ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Akwai kuma nau'in C. Gogar aska a tafin hannu, ko a tsumma, ko ɗan shafa mata sifirit a gurguje, ba ya kashe su. Abin da ya fi shi ne kowa da askarsa, ko da wa da ƙane ne. Wanda ke zuwa wurin wanzami ya tafi da tasa, ko a ɓare sabuwar reza a gabansa.

In ba makawa sai an yi tarayya, a fara wanke ta da sabulu da ruwa har ba abin da ya maƙale, sannan a tafasa ta minti 20, ana ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya fara tafasa. Tafasa ba ta kashe ƙarfe, amma tana lalata mariƙin roba ko na ƙaho. Ga irin wannan, a jiƙa ruwan askar cikin ruwan bilic mai ƙarfin 3.5%, awo ɗaya a ruwa awo 6, minti 10, a ɗauraye a busar nan take don yana cin ƙarfe. Kada a sa bakin aska a harshen wuta. Siririn baki yana ɗaukar zafi nan da nan, taurinsa ya tafi, ba ya ƙara riƙe kaifi. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ta shiga jerin rigakafin yara a Najeriya a 2004, saboda haka wanzamin da aka haifa kafin nan ya je asibiti a gwada shi, in ba ya ɗauke da cutar a yi masa allurar, sau uku ake yi.

Jiƙa gashi

Busasshen gashin gemu yana da tauri sosai. In ya sha ruwan ɗumi minti 3 yakan kumbura ya yi laushi. Mafi sauƙi a yi aski bayan wanka. In ba haka ba, wanke fuska da sabulu don cire maiƙo da ƙura, sa tawul cikin ruwa mai ɗumin da bayan hannu zai jure, matse, rufe gemu da wuya da shi, in ya huce ka sake.

Kumfa aikinta biyu: riƙe ruwa a jikin gashi da sa aska ta zame. Sabulun aski ya fi, sabulun wanka mai maiƙo ma yana yi. Sabulun salo yana kumfa da kyau, amma wanda toka ta yi wa yawa yana ƙona sabuwar fata, a gwada shi tukuna. Garin sabulun wanki kuwa kada ya kusanci fuska. Idan rijiyar garinku ruwan zartsi ce, kumfa ba za ta tashi ba, a nemi ruwan sama ko na leda. Kumfar ta zama mai danshi da santsi, ba mai manyan ƙwai ba. Da hunturu tana bushewa kafin ka kai ɗaya kuncin, don haka shafa wa gefe ɗaya, aske, sannan ɗayan.

Kafin askin farko, bar gashin ya kwana biyu ko uku, ka shafa shi da yatsa ta ko'ina. Inda ya yi santsi, can yake kwanciya, inda ya yi kaushi ka saba masa. A kunci yawanci ƙasa yake kallo. A wuya kuwa kowa da nasa: wani gefe, wani sama, wani ma ya yi guguwa kusa da maƙogwaro. Ka haddace wannan, don shi za ka bi.

Riƙo da jan aska

Askar kanti a buɗe ta har mariƙin ya wuce ya tsaya sama. Babban yatsa a ƙarƙashin wuyanta kusa da ruwa, yatsu uku a bisa, ƙaramin yatsa a kan wutsiya, mariƙin ya ratsa tsakaninsa da na kusa da shi. Askar maƙera ana riƙe ta da babban yatsa da biyu na kusa, dab da ruwan. Hannu ya bushe. In yatsu na zamewa, a jiƙa alif a shafa musu.

Zauna ko tsaya inda haske ke dukan fuska, madubi a kafe, ba a hannu ba, kuma ba inda yara ke guje-guje ba. Kwantar da aska a kunci, sannan ɗaga bayanta kamar kaurinsa biyu, wato digiri 30 ko ƙasa da haka. In ta kwanta da yawa sai ta ja gashi ba ta yanka ba. In ta miƙe da yawa sai ta kankare fata, kuma a haka take nutsewa. Da ɗaya hannun ka ja fata daga bayan askar, ba gabanta ba, daidai yadda wurin zai baje. Ja gajere, kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya ko biyu, a bi kwanciyar gashi.

Dokar da ba a karyawa ita ce, aska gaba take tafiya, ba ta zamewa ta tsawon bakinta kamar mai yankan nama. Ko kaɗan ta zame haka, ta tsaga. Kada kuma ka ajiye bakin a fata kana tunani ko magana. Sauke ta tana tafiya, ɗaga ta tana tafiya. Goge kumfa a tsumma ta bayan askar, ko ka ɗauraye, kana kiyaye kada bakin ya bugi kwano.

Fara daga saje na hannun da ka fi iyawa, ka sauko zuwa muƙamuƙi. A kan ƙashin muƙamuƙi kada ka bi kwana da aska: ja fatar kunci sama, gashin da ke kan ƙashi zai hau inda ya baje, ka aske shi can. A wuya, ɗaga haɓa, rage kusurwa, sassauta hannu. Maƙogwaro ba a bi ta kansa, a ja fatar gefe a aske, a ja ɗaya gefen. Haɓa da kewayen baki su ne ƙarshe, don gashinsu ya fi tauri, gara su daɗe cikin kumfa. A haɓa yi amfani da tsakiyar baki, ja ƙanana ƙwarai. Ƙarƙashin leɓe, tura harshe ya cika wurin. Mai kwashe gashin baki ya ja leɓe ya rufe haƙora, ya ɗaga kan hanci da yatsa. Mai ragewa kuwa almakashi da mataji sun fi masa aska.

Mai tsaga ko bille a fuska ya lura: idan bakin aska ya yi daidai da layin tsagar, yana faɗawa ciki ya kama ɗaya gefen. Baje wurin da yatsu biyu, ka karkata askar ta ratsa layin a gicciye. Ƙurji, tawadar Allah mai tudu da tabon da ya kumbura, a share musu kumfa a gan su, a kewaye.

Mai koyo ya tsaya a kunci kawai a makon farko, sauran ya ƙarasa da abin da ya saba. Wuya da haɓa sa zo.

Fitar da layin gemu

Taje gemun tukuna. Layin kunci yana tasowa daga inda saje ya haɗu da gemu ya nufi kusurwar baki. Share kumfa da yatsa a kan layin don ka gan shi, ka aske abin da ke sama kaɗai. Na wuya, sa yatsu biyu a saman maƙogwaro, nan ne iyaka, ya lanƙwasa zuwa bayan kunne. In an ɗaga shi har kan muƙamuƙi, gemun sai ya zama kamar an manna shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne neman gefe biyu su yi daidai tsaf: a rage dama, a ga hagu ya fi, a rage hagu, har gemu ya tsuke. Aske ƙasa da abin da kake so, ja baya ka duba, sannan ka ƙara.

In wani kake yi wa, musamman dattijo ko marar lafiya, zaunar da shi ya jingina kansa da bango ko matashi. Fatar tsoho sakakkiya ce, tana buƙatar a baje ta da kyau a yi ja gajere. Sanar da shi kafin ka sauko wuya: "Baba, a ɗan ɗaga haɓa, a dakata da magana." In tari ko atishawa ta taso, ya ɗaga hannu.

Bayan an gama

Ɗauraye da ruwan sanyi. Jiƙa alif ka shafa, bar shi rabin minti, ka wanke. Yana tsayar da ƙananan jini, kuma inda ya fi yi maka zafi, alama ce nan ne ka danna aska da yawa, ka kiyaye a gaba. Shi ma alif kowa da nasa. Sai man kaɗe ɗan kaɗan. In an yanke, danna tsumma mai tsabta minti 5 ba tare da leƙawa ba. Ban da kananzir, ban da fetur, ban da toka, ban da baƙin garin batir. Yankan da ya buɗe baki, ko jinin da ya wuce minti 10 ana dannawa bai tsaya ba, na asibiti ne. Mai ciwon suga da mai shan maganin tsinka jini su yi hattara, mai farfaɗiya da mai rawar hannu kuwa kada su yi wa kansu aski da aska.

Idan aska na jan gashi har ido na hawaye, ko ta dakushe ne ko kumfa ta bushe, koma fatar goga aska, sake jiƙawa. Idan fuska ta yi ta ƙuna yini guda, kusurwa ta yi tsaye ko an maimaita wuri ɗaya ba kumfa. Ɗigo-ɗigon jini a wuya alamar an saba wa kwanciyar gashi ne.

Ƙurajen aski su ne babbar matsalarmu, saboda gashinmu murɗaɗɗe ne. Aska tana barin kan gashi da tsini. In an ja fata da ƙarfi aka aske, aka kuma saba wa kwanciyarsa don neman sulɓi, da an saki fata sai gashin ya koma ƙasa da ita. Yana tsirowa ya lanƙwasa ya soki fata daga ciki ko daga waje, jiki ya ɗauke shi baƙo, wurin ya kumbura, wani lokaci ya yi mugunya, ya bar baƙin tabo, ga wasu ma tabo mai tudu da ba ya baje wa. Don haka mai irin wannan fata ya haƙura da sulɓi. Bi ɗaya, ta kwanciyar gashi, ya isa. In lallai sai an ƙara, a sake kumfa a ratsa ta gefe, a kunci kaɗai, ban da wuya. In ƙurajen sun riga sun fito, a ajiye aska sati 3 zuwa 4, a riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi. Gashin da aka ga ya yi lanƙwasa ya shige, a ɗago kansa da allurar da aka tafasa, kada a tuge shi, don sabon da zai tsiro daga can ƙasa zai sake toshewa. Wanda nasa ke dawowa kullum, kilifa da ke barin ɗan gashi ta fi masa aska.

Ajiya

Wanke aska, goge ta da busasshen tsumma daga baya zuwa baki, har cikin mariƙi da wurin ƙusa, yi ja goma a fata don ragowar danshi ya fita, ka bar ta a buɗe ta sha iska kafin a naɗe. Da damina, ko in za ta daɗe a ajiye, shafa mata man keken ɗinki ko basilin. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo. Kube da zabira na fata suna riƙe danshi, kada a zura aska ciki sai ta bushe sarai kuma ta sha mai. A ajiye ta sama inda hannun yaro ba ya kai, karyayyun rezoji kuma a tara su a gwangwani mai murfi. Tsatsar da ta tsaya a jikin ruwan askar, samfefa mai laushi da mai za su cire ta. Wadda ta ci baki kuwa ta bar ramuka, sai an koma dutse mai kaushi an cinye wurin har ƙarfe mai kyau ya fito, sannan a bi sauran matakan washi daga farko.